Daga Ƙarshen Gida Zuwa Ƙuryar Ɗaki: Tarihin Bayi a Daudawa da Kewayenta

Bayi shi ne sashen gida da ya fi kowane canza mazauni cikin shekaru ɗari da suka wuce a Daudawa da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina. Zaure yana nan a bakin ƙofa inda aka san shi, rumbu da turke ba su gusa sosai ba, murhu ma har yanzu yana tsakar gida a yawancin gidaje. Amma bayi ya taso daga can ƙarshen gida, ya matso jikin ɗakuna, a wasu gidajen kuma ya shige ƙuryar ɗakin kwana. Kowane mataki na wannan ƙaura yana da alaƙa da ruwa: inda ake samo shi, wanda ke ɗauko shi, da inda yake zuwa bayan an gama amfani da shi.

A tsohon tsarin gidan Bahaushe, baƙo yana tsayawa a zaure, wanda aka yarda da shi ya wuce ƙofar gida zuwa shigifa, daga nan sai cikin gida inda ɗakunan mata da turakar maigida suke. Bayi yana bayan waɗannan duka, a jikin katanga ko danga ta ƙarshe, nesa da murhu da randar ruwan sha da inda ake shimfiɗa buzun salla. Ba a yi masa rufi. Zana ko darni ake kewaye shi da shi, mai hali kuma ya ɗora gajeriyar katangar tubali da ta ɗan ɗara tsayin mutum. Maimakon ƙyaure, ana karkata mashigar ne yadda na waje ba zai hango na ciki ba, kuma buta ko zanen da aka rataya a kan danga sun isa shaida cewa da mutum a ciki. Mai zuwa ya yi gyaran murya, na ciki ya amsa da irinta. Babban gida mai sassa da yawa kowane sashe da nasa, samari da baƙi maza kuma ana yi musu wani a ƙofar gida don kada su kutsa wurin mata.

Haƙa masai aikin masu haƙar rijiya ne, ko majiya ƙarfin gida idan ƙasar ba ta da tauri. Ana yin sa da rani. Ramin yakan kai gaba biyu ko uku, har sai an ci karo da marmara ko dutse, domin wannan yanki a kan tsohon dutse yake zaune, kamar yadda duwatsun da suka kewaye Faskari ke nunawa. Idan an gama sai a jera itatuwan da gara ba ta cika ci ba, irin su ƙirya da azarar giginya, a shimfiɗa zana a kai, a bi da ƙasa a daɓe. A tsakiya ake kafa wuyan fasasshen tulu ya zama baki, a rufe shi da ɓarin kasko. Tokar murhu da mata ke zubawa kowace safiya tana rage wari da ƙuda. In ramin ya cika ba a kwashe shi, binne shi ake yi a haƙa sabo a gefe, tun da fili bai yi wa kowa ƙaranci ba. Babban abokin gabar wannan gini shi ne damina. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma a watan Agusta bakin rami kan jiƙe, itacen ya ruɓe, daɓen ya rufta. Gyaran bayi na farko da aka sani a yankin ke nan: sake itace da sake daɓe bayan kaka, lokacin da ake yaɓen katangu da sabunta danga da karan sabuwar dawa.

Ba kowane gida ne ke da masai ba. A ƙananan ƙauyuka da rugage, daji ne makewayi. Maza su fita duk lokacin da suka so, mata kuwa su jira duhun asuba ko na bayan magariba, yara su tsuguna a juji. A garuruwan da kulle ya yi ƙarfi ne masai ya zama dole, domin matar da ba ta fita sai an yi mata tanadin komai a cikin gida.

Wurin wanka dabam yake da masai, ko da danga ɗaya ta kewaye su. Falalen dutse ake ajiyewa, ko a zuba tsakuwa don kada ƙafa ta koma cikin taɓo, sannan a huda rariya a gindin katanga ruwan ya fita waje. Kayan aikin ba su da yawa: kwatarniya, ƙaramar ƙwarya ta kamfata, soso, sabulun salo, da dutsen goge kaushi. Duk ruwan da aka yi wanka da shi a kai aka ɗauko shi daga rijiya ko rafi, saboda haka kwatarniya ɗaya ta ishi babba, maza da yara kuma sau da yawa a bakin rafi suke gamawa.

Addini ne ya zana wa wannan ɗan wuri dokokinsa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, Ahalari da Ishmawi da Risala, duk suna gabatar da tsarki kafin salla, don haka yaron da ya je makarantar allo ya tashi ya san tsarki da ruwa, da shiga da ƙafar hagu, da kame baki daga magana a ciki. Malamai sun sassauta game da fuskantar alƙibla idan a cikin gini ne, amma magina ba su sassauta ba. Har yau magini zai daidaita bakin masai yadda mai tsuguno zai dubi kudu ko arewa, kuma maigida zai iya sa a fasa aikin da aka gama idan ya ga an kuskure. Ga kuma imanin da ya bazu cewa bayi matattarar aljanu ce, shi ya sa ake hana yara daɗewa a ciki, ake kuma tsawatar wa mai watsa ruwan zafi a rami. Wannan imani yana cikin dalilan da suka sa tsofaffi da dama suka daɗe suna ƙyamar bayi a cikin ɗakin da ake kwana, ake salla, ake ajiye Alƙur'ani.

Babu al'adar da ta yi tasiri a kan fasalin wurin wanka kamar wankan jego. Macen da ta haihu takan yi kwana arba'in, wata ma fiye, tana wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana tsoma ganye a ciki ana fyaɗa mata a jiki. Da can ganyen runhu da na tsamiya ake amfani da su, daga baya bedi ya shigo, itacen da aka fara dasawa a Najeriya a Borno a 1928 kafin ya mamaye Arewa. Miji ne ke da alhakin tara itace tun ciki yana tsufa, ungozoma ko wata tsohuwa ta gida kuma ita ke kula da wankan. Irin wannan aiki yana neman fili mai faɗi, da kusanci da murhun da aka girka babbar tukunya, da ƙasar da za ta shanye ruwa mai yawa sau biyu a rana. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin da zafin wankan, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Faɗakarwar asibiti ta rage zafin ruwan da tsawon kwanakin a gidaje da yawa, amma ba ta kashe al'adar ba. Shi ya sa ko a gidan da kowane ɗaki ke da bayinsa na tayil ba a rushe na tsakar gida. Can ake wankan jego, can ake wanki, can kuma ake komawa ranar suna ko rasuwa idan gida ya cika da mutane.

Turawa sun ci Katsina a 1903, amma auduga ce ta kawo su Daudawa da zama. A tsakiyar shekarun 1920 hukumar bunƙasa noman auduga ta daular Ingila ta buɗe babbar gonar yaɗa iri a garin, kusan lokacin da ake shimfiɗa layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin da ke kwasar auduga shi ke dawowa da kwanon rufi da siminti da bokitin ƙarfe. A barikokin Turawa da unguwannin ma'aikata na Arewa, tsarin da aka fi bi a lokacin shi ne masai na bokiti, wanda leburori ke kwashewa da dare ta wata ƙaramar ƙofa a bayan gini. Bai karɓu a gidajen Hausawa ba, don ba wanda zai yarda wani ƙato ya riƙa zagayo masa bayan gida. Abin da ya taɓa talaka kai tsaye shi ne duba-gari. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ta ba hukuma ikon duba gidaje, makarantar horar da jami'an tsafta da aka buɗe a Kano a 1932 kuma ta riƙa yaye ma'aikatan da En'e ke turawa gundumomi. Duba-gari yana leƙa randa ya ga ko da ƙwayayen sauro, ya duba kwata, ya duba murfin masai, wanda aka kama da ƙazanta a kai shi gaban alƙali. Ruwan famfo kuwa, wanda birnin Kano ya samu daga Chalawa a 1931, labarinsa kawai ake ji a karkarar Katsina. Canjin da wannan zamani ya kawo wa bayin manomi ƙarami ne: bokiti ya fara korar kwatarniya, rabin ganga ya zama tukunyar wankan jego, sabulun kanti ya zauna kusa da na salo.

Siminti ne ya yi juyin farko na gaske, kuma sai a shekarun 1970 ya wadatu. Kuɗin mai sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975, masana'antar siminti ta Sakkwato tana aiki, ta Ashaka kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarun. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar hatsi suka fara zuba daɓen siminti mai rodi a kan rami maimakon itace, suka ɗora bulo, wasu har da kwano da ƙyauren langa-langa. Ruftawar damina ta ragu, kuma a karon farko aka sami ƙasan bayi da za a iya wankewa da tsintsiya. Makarantun firamare da shirin ilimi kyauta na 1976 ya yawaita sun sa yaran ƙauye da dama sun fara sanin masai na siminti a makaranta kafin su gan shi a gida. A gidajen gwamnati da asibitoci kuma aka girka masai na zama mai tankin ruwa, da baho na kwanciya irin na Turai. Madatsar Mairuwa tana ba Funtuwa ruwa, amma a ƙananan garuruwa famfon da aka ja yakan ƙafe wata da watanni. Masai mai buƙatar lita tara a kowace kora ba ya aiki da ruwan da yarinya ta ɗauko a kai. Da yawa sun toshe, aka kulle ɗakin ko aka mai da shi ma'ajiyar buhuna, aka haƙa rami a waje. Baho kuwa ya zama wurin tara ruwa.

Daga nan gwamnatoci suka riƙa shigowa da nasu shirye-shiryen. Yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984, shi ya bar gadon tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Hukumar raya karkara da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, da sabuwar Jihar Katsina da aka yanka daga Kaduna a watan Satumban 1987, sun yawaita rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa. A wannan zamani ne ma'aikatan lafiya suka yaɗa masai mai bututun iska, wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, cikin shekarun 1970. Dabararsa mai sauƙi ce. Ana kafa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta sama tana janye wari, ƙudan da ke cikin rami kuma ya bi hasken bututun ya maƙale a raga ya mutu. Sharaɗin shi ne cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu, kuma kada a toshe bakin masai gaba ɗaya. Magina da yawa sun ɗauki bututun sun bar ragar, to sai ya zama ƙofar ƙuda. Duk da haka, da wari ya ragu, sai aka fara yarda bayi ya jingina da bangon ɗaki.

Bayan shekarar 2010 salon ya canza. Asusun UNICEF, da tallafin gwamnatin Ingila, tare da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jihar, sun bi hanyar da Kamal Kar ya fara gwadawa a Bangaladash: ba a ba kowa siminti ko kuɗi, ana tara mutanen gari ne a zagaya da su wuraren da ake bahaya a fili, a nuna musu yadda ƙuda ke tashi daga can ya sauka a kan tuwo, har kunya ta sa su ɗauki diga da kansu. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009 na kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025, a lokacin da ake ƙiyasta masu yin sa a Najeriya sun kai miliyan 47. Jigawa ce jihar farko da aka tabbatar ta cimma wannan buri, a 2022. Raunin tsarin Kamal Kar sananne ne ga duk mai zama a karkara: ramin da aka haƙa cikin gaggawa aka rufe da kara ba ya wuce damina biyu.

Gyaran bayi irin na yau, wato shigar da shi cikin ɗaki, ya samu ne bayan masu hali sun fara haƙa burtsatse a gidajensu, suna tura ruwa da sumo zuwa tankin roba a kan ƙarfe, da janareta ko da sola. Ba kasafai ake yin sa haka kawai ba. Aure ne babban dalili: ango yana gyara wa amarya ɗaki da falo da bayi kafin a kawo jere, dangin amarya kuma sukan zo su gani da idonsu. A gidan mai mata fiye da ɗaya aikin ba ya tsayawa a ɗaki guda, domin adalci ya hana a yi wa amarya a bar uwargida, kuma magidanta da yawa sun gwammace su fara da ɗakin uwargidan don a zauna lafiya. Dalili na biyu tsufa ne. 'Ya'yan da ke aiki a Kaduna ko Kano ko Abuja sukan aiko a sa wa mahaifiya masai na zama saboda ciwon gwiwa, kuma ta wannan ƙofa ce tsofaffin da suka ƙi abin da farko suka karɓe shi. Na uku tsaro ne. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya a Disambar 2020, ratsa tsakar gida da tsakar dare ya daina zama ƙaramin abu.

Aikin kansa yana da tsari. Magini ya yanki wani ɓangare na ɗakin, ko ya huda bango ya ƙara ɗan gini ta baya. Mai aikin famfo ya shimfiɗa bututun roba, ya ba shi gangare zuwa sokawe, sannan mai tayil ya shigo, a ƙarshe a sa ƙofar alminiyam ko ta roba wadda ruwa ba ya ci. Ana sayo kayan a Funtuwa, mai babban aiki kuma ya wuce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tayil da kwanon masai daga Sin suke zuwa ko daga masana'antun da ke wasu jihohi, alhali farar ƙasar da ake yin irin waɗannan kaya da ita tana jibge a Ƙanƙara, ana lodin ta a manyan motoci. Abin da ya sa masai zai iya zama kusa da gado shi ne lanƙwasar da ke ƙarƙashin kwanon, wadda ke riƙe ɗan ruwa kullum ya tare wari da kyankyasai. In ruwa ya yanke lanƙwasar ta bushe, ɗakin ba ya zaunuwa. Kurakuran da aka fi yi guda uku ne: manna tayil a bangon ƙasa, wanda laima ke kumburawa har ya zubo, shimfiɗa tayil mai santsi a ƙasa, wanda ya karya tsofaffi ba kaɗan ba, da karkatar da daɓen ta inda ba rariya, ruwa ya riƙa komawa ƙarƙashin kafet.

Kayan sababbi ne, amma ɗabi'ar ta da ce ke tsara su. An fi son kwanon tsuguno, don ba ya cin ruwa kuma jiki ba ya taɓa shi. Ana sa ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa daidai tsayin buta. Shawa tana sama, amma bokiti da moɗa suna ƙarƙashinta, kuma da su ake yawancin wanka, musamman da hunturu da ake dafa ruwa a murhu. Baho na kwanciya ya ɓace kusan gaba ɗaya. Gidan da ba shi da burtsatse, ya dogara da jarkokin 'yan garuwa, yakan mai da bayin ɗaki na dare da na wanka kawai, a bar babbar buƙata ga ramin waje. Tashin farashin siminti da tayil bayan cire tallafin mai a 2023 ya sa aiki da yawa ya tsaya a rabi, bututu a shimfiɗe, bango babu shafe.

Matsalar da ta rage a ƙarƙashin ƙasa take. Gidajen gado sun rarrabu tsakanin magada, filin haƙa sabon rami ya ƙare, garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira daga ƙauyuka kuma sun cika, masai ɗaya yana ɗaukar mutanen gida uku. Jami'an lafiya suna ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin rami da rijiya, amma a tsohuwar unguwa sokawen wani yana jikin rijiyar maƙwabcinsa, kuma sokawe mai karɓar ruwa kullum ya fi busasshen rami saurin tura ƙazanta cikin ƙasa. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, ta yi tsanani a Katsina. Tun da ba a iya binne rami a koma gefe, sai kwashewa. Motar zuƙa sai an kirawo ta daga babban gari, kuma ba ta shiga lungu, don haka yawancin aikin yana hannun masu kwasa da bokiti da ganga, waɗanda a Kano ake kira gidan kowa da akwai. Da dare suke aiki, da rani, su zuba kananzir ko toka don kashe wari, su kai kayan bayan gari a kura ko amalanke, inda manoma ke bari ya bushe su baza a gonakin masara kafin saukar ruwa.